A Bar Yaron Nan Ya Karanci Jamusawa

A Kankiya ko Kusada, in yaro ya ce wa mahaifinsa tarihin falsafar Jamusawa yake son ya mayar sana'a, kowa ya san amsar: "To, da me za ka ci abinci?" Ga makarantar koyon aikin lafiya nan a Kankiya, a gama a samu abin yi. Ban ga laifin uban ba, mai sayar da masara ba ya karɓar Jamusanci. Duk da haka bayan yaron nake.

Hujjata marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, wanda ya yi wani ɓangare na firamarensa a Kankiya. Tarihi ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, amma aikinsa kan Katsina sai da ya haɗa shi da wani Bajamushe, Heinrich Barth, da ya iso Katsina a 1851 yana amsa sunan Abdulkarim. Barth ya shiga Jami'ar Balin a 1839, shekara takwas bayan mutuwar Hegel, malamin falsafar da ya tsaya a wannan jami'a ya ce Afirka ba ta cikin tarihin duniya.

A yi wa Barth adalci. Ya ji Larabci, ya ji Hausa, ya zauna da malamai, ya rubuta tarihin nan da Hegel ya ce babu. Amma Bala Usman bai haɗiye shi ɗungurungum ba. Ya tambaya: da wane ido baƙon nan ya kalle mu? Sai ya nuna yadda tunanin Turawan wancan zamani, mai kasa mutane bisa ƙabila da jinsi, ya bi Barth har Katsina. Har gobe da wannan ma'auni wasunmu ke bayanin jihadin 1804, Fulani a gefe, Haɓe a gefe, ba su ma san na aro ba ne.

Wanda zai gano irin wannan aro sai ya san gidan da aka aro shi. Sharaɗina ɗaya ga yaron: ya koyi Jamusanci sosai, ya karanta Hegel da Marx da littattafan Barth guda biyar a harshen da aka rubuta su. Mun daɗe muna cin sauran Ingilishi.