HAƘƘIN MAƘWABCI BA YA FAƊUWA RANAR NOWEL

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ƴan'uwa Musulmi, duk shekara idan Disamba ta kama sai saƙonnin murya su cika wayoyinmu, ana cewa wanda ya karɓi abincin maƙwabcinsa Kirista ranar Kirsimeti, wadda muke kira Nowel, ya fita Musulunci. Ina rubuta wannan ne domin na ga abin da maganar ta haifar. Wata dattijuwa ta same ni bayan sallar la'asar tana hawaye. Ɗanta ya amshi kwanon shinkafa daga hannun ƴar maƙwabcinsu, ya kifar da shi a ƙasa yarinyar tana kallo. Ta ce: "Malam, mahaifin yarinyar nan shi ya ɗauke ni cikin dare zuwa likita ranar da ciwo ya kayar da ni. Da wane ido zan dube shi?"

Mu fara da abin da babu saɓani cikinsa. Aƙidarmu game da Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata gare shi, ita ce bawan Allah ne kuma ManzonSa. Musulmi ba ya shiga ibadarsu, ba ya cin naman alade, ba ya kusantar giya. Wannan iyaka ce da ba ta motsi.

To amma wa ya ba ku izinin ƙara wata iyaka da Allah bai gindaya ba? Aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu ba, bai kuma fitar da mu daga gidajenmu ba. Abin da aka ruwaito daga Imamu Malik a kan dabbar da suka yanka domin idinsu shi ne karhanci, bai kai shi ga haramci ba, balle kafirci. Wanda ya ga tsantseni ya bari, to ya bari cikin ladabi, ya yi godiya. Kifar da kwano a gaban yarinya kuwa, a wane littafin fiƙihu aka karanta shi? Sahabi Abdullahi ɗan Amru, idan an yanka tunkiya a gidansa, yakan tambaya ko an kai wa maƙwabcinsa Bayahude. Ko kun fi shi kishin addini ne?

Kada wani ya ce al'amarin ƙarami ne. Mu mutanen Damagaram mun san inda yake kai mutane. Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, saboda zanen ɓatanci da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa, aka cinna wa majami'u wuta a garin nan, washegari aka yi haka a Yamai, aka rasa rayuka. Fushinmu kan zanen gaskiya ne, amma Kiristan unguwarmu bai zana kome ba. Alhali aya ta 40 ta Suratul Hajji ta ambaci majami'u tare da masallatai cikin wuraren ibadar da Allah Yake kare su daga rushewa. Kuma lokacin da Ƙuraishawa suka tsananta wa sahabbai a Makka, ƙasar Habasha ta Kiristoci aka umarce su su nufa, wajen Najjashi.

Ku dubi yadda mutanen nan suke sa addininsu cikin aiki. Tun 1950 asibitin mishan na Galmi, cikin jihar Tawa, yake karɓar marasa lafiya, mafi yawansu Musulmi. A Danja kusa da Maraɗi sun rungumi kutare lokacin da dangi ke gudunsu. Mun san suna kira zuwa ga addininsu, ba mu kuwa yarda da aƙidarsu ba. Amma amsar wannan ita ce mu karantar da ƴaƴanmu tauhidi, mu fitar da zakka, mu gina namu wuraren jinya. Zagi bai taɓa warkar da majinyaci ba.

Ga kuma abin da masu saƙonnin suka kauda kai daga gare shi. Daren 31 ga Disamba, Kirista mai riƙo da addininsa yana majami'a yana addu'ar shiga sabuwar shekara. Su wa ke cika gidajen rawa da mashaya, suna tseren babura har asuba ta wuce su? Da yawansu sunayensu irin namu ne, daga gidajenmu suka fito. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hangen na wani.

Don haka ina kira ga magidanta: ku tsare ƴaƴanku a wannan dare, ku tashe su sallar asuba. Ku gaida maƙwabcinku Kirista, ku duba shi in ya yi ciwo, ku kai masa naman layya ranar babbar salla. Shi kuwa saurayin nan, na ce masa ya je ya ba da haƙuri, kuma ya je.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya zaunar da Nijar lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.