Tiya Ɗaya, Kuɗi Biyu: Sharhi Kan Tsadar Rayuwa a Bakin Iyaka

Sharhinmu na yau a kan tsadar rayuwa yake, yadda take tafiya a nan Nijar da kuma ƙasashen da muke iyaka da su.

Wanda ya saba sammako zuwa tashar mota ta Birnin Konni ya san mazaunin 'yan canji. Ɗan tebur ne, damin naira a gefe guda an ɗaure da roba, sefa a ɗaya gefen, ga kalkuleta wadda lambobinta suka goge don yawan dannawa. Kafin a gama gaisawa tambaya ta fito: "Alhaji, nawa take yau?" Amsar da ɗan canji zai bayar ita za ta nuna ko mai kabu-kabu zai sha man ruwa-ruwa ko na gidan mai, ko dillalin Sakkwato zai taya rago da daraja a Badagishiri, ko kuɗin da ɗan bida ya aiko daga Legas za su kai buhun hatsi. A Yamai ma'aikaci kan shekara hannunsa bai taɓa naira ba. A nan kuwa, daga Konni zuwa Malbaza har Illela, ko wanda bai taɓa taka Najeriya ba da farashin ƙasa biyu yake cin tuwo. Illelar ma biyu gare mu: tamu ta jihar Tawa, da ta jihar Sakkwato da ke 'yan kilomitoci daga nan.

To, me alƙaluma suka ce? Mu ɗauki shekarar 2024, wadda kowa ya ji a jikinsa. A Najeriya, daga Fabrairu har ƙarshen shekara hauhawar farashi ba ta sauko ƙasa da kashi 30 cikin 100 ba, a Disamba ma ta kai kashi 34.8. A Nijar lissafin shekarar ya tsaya a kashi 9.1. A Benin kuwa kashi 1.2 kacal. Ƙungiyar UEMOA, wadda ta haɗa ƙasashe takwas masu amfani da sefa ta yammacin Afirka, kashi 3 ta ajiye a matsayin iyakar da ba a so a ƙetare. Wato Nijar ta ninka iyakar sau uku, Najeriya kuma ta ninka ta Nijar fiye da sau uku.

Wanda ya tsaya nan zai ce ai mu da sauƙi, Benin kuma aljannar duniya ce. Kada mu yi saurin yanke hukunci. Wannan kashi da ake faɗa gudun farashi yake aunawa, bai auna inda farashin ya kai ba. Ga misali. A ce tiyar hatsi dala ɗari ce shekaran bara, bara ta koma jika. Hauhawa ta zama kashi 100. Bana ta koma jika da dala ashirin, sai ka ji an ce hauhawa ta sauko zuwa kashi 10. Gaskiya ne ta sauko, amma uwar gida da ta je awo ta san babu abin da ya ragu, ƙari ma aka yi. Motar ta rage gudu ne kawai, tana nan tana hawa tudu.

Shi kansa mudun awon akan sake shi. A farkon 2025 hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta sabunta kayan da take lissafi da su, ta mai da shekarar da take kwatantawa da ita daga 2009 zuwa 2024. Nan take alƙalami ya faɗo daga kashi 34.8 zuwa 24.48, alhali kwanon shinkafa a kasuwar Illela yana inda yake. Ba wai an yi maguɗi ba ne, kowace ƙasa takan yi wannan gyara lokaci-lokaci. Sai dai mai kwatanta ƙasa da ƙasa ya kamata ya fara tambayar da wane mudu aka auna.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Kowace ƙasa da abin da ya hura mata wuta.

Ta Najeriya daga mai da naira ta taso. Ranar 29 ga Mayun 2023 shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 a Arewa cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 ta wuce naira 1,000. A tsakiyar Yunin 2023 kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar Amurka da gwamnati ke bayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta kai 1,500 a farkon 2024. Dattawanmu da suka yi fatauci a farkon shekarun 1980 sun ga zamanin da naira ɗaya ta fi dalar Amurka daraja. Yau jikokinsu da buhu suke ɗaukar ta.

Tamu kuwa daga hanya ta taso. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, Najeriya da Benin suka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba mu. Ƙasar da ba ta da teku, wadda yawancin shinkafarta da man girkinta da magungunanta ta tashar Kwatano suke shigowa, sai ta wayi gari manyan motoci sun yi layi a Malanbil ta Benin. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Konni da Illela ta buɗe a Maris, amma gadar Gaya da ke iyakarmu da Benin ta ci gaba da zama a rufe. Kaya suka koma biyowa ta Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja. Kowane kwana da mota ta ƙara a hanya, a kan buhun shinkafa ake ɗora kuɗinsa. Ga kuma daminar 2023 da ba ta wadata ba a wurare da dama.

A nan ne kwatanci da Benin yake da amfani. Kuɗinmu ɗaya da su, babban bankinmu ɗaya, wato BCEAO, kuma sefar da ke aljihunmu da tasu duk a ɗaure suke da yuro a kan 655.957 tun 1999. Duk da haka su kashi 1.2, mu kashi 9.1. Ashe tsayayyen kuɗi yana tsare mutum daga irin ciwon naira, amma ba ya buɗe hanya, ba ya sa ruwan sama ya sauka. Masu cewa sefa ce tushen duk wahalarmu, da masu cewa ita ce garkuwarmu, kowannensu ya riƙe ɓangare ɗaya ne na magana.

Yanzu mu dawo gida mu ga yadda wutar maƙwabci take shigo mana. Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

A farkon 2023 jika guda ta sefa ana canza ta a kan naira 1,200 ko kusa da haka. Shekara guda bayan nan ta kai wajen 2,500. Da farko wasunmu murna suka yi. Mai jika goma ya tsallaka kasuwar Illela ran Lahadi ya dawo da kaya niƙi-niƙi: robobi, taliya, sabulu, atamfa. Murnar ba ta daɗe ba, don 'yan kasuwar can sun bi canji sun ƙara kuɗi.

Ɗan bida fa? Matasan Adar da ke tura baro ko sayar da shayi a Kano da Legas, in ɗayansu ya aiko naira 50,000 a farkon 2023, mahaifinsa zai karɓi wajen jika 40. A 2024 kuɗin nan jika 20 suke zama, a daidai lokacin da hatsi ya yi tsada a gida. Zufar ɗaya ce, awon ya rabu biyu. Ko albashi mafi ƙanƙanta na Najeriya, da aka ɗaga daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, in ka kawo shi teburin ɗan canji za ka ga dā kusan jika 25 ne, bayan ƙarin kuma bai kai jika 30 ba. Namu ma bai fi shi labari mai daɗi ba: sefa 30,047 da aka tsayar a 2012 ya shafe sama da shekara goma bai motsa ba.

Makiyayi shi ma haka. Manyan masu sayen bisashenmu 'yan Najeriya ne. In naira ta faɗi, ragon da dillali ya saba saye sai ya fi ƙarfinsa, ya taya a wulaƙance ko ya ƙi zuwa. Mai akuya da ya saba sayar da ita ya auno hatsin wata guda, sai ya koma gida da na kwana ashirin. Manomin albasa a Galmi da Dogarawa da Tsarnawa, wanda kasuwarsa take Ghana da Kodibuwa da Benin da Togo, shi rufewar hanya ce ta karya shi: albasa ba ta jira, in ta kwana da yawa a mota ruɓa take.

Man ruwa-ruwa kuwa labarinsa ya isa darasi. Shekaru da dama tallafin da gwamnatin Najeriya ke biya mu ma muna sha a kwalba a bakin titi. Da aka cire shi riba ta tsuke. A Yulin 2024 kuma gwamnatin Nijar ta rage litar fetur daga sefa 540 zuwa 499. Jama'a suka koma gidajen mai, matatar SORAZ ta Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana ta kasa ɗaukar nauyin duka, a Maris na 2025 aka ga dogayen layuka a garuruwa. Shawarar da aka yanke a Abuja ce ta tsai da mai kabu-kabu a layi a Konni.

Hukumomin Nijar sun ɗauki matakai. Ban da rage kuɗin mai, an rage kuɗin ganin likita da rabi a asibitocin gwamnati daga Satumban 2024. A Oktoba aka rage farashin siminti da kashi 35, abin da ya shafi Malbaza kai tsaye, garin da ya daɗe da masana'antar siminti. A watan ne kuma aka hana fitar da hatsi da dawa da masara da shinkafa da wake zuwa waje, in ban da Mali da Burkina Faso. Allah ya ba da damina mai albarka a 2024, duk da ambaliyar da ta yi ɓarna, a 2025 farashin cimaka ya sauko har alƙalamin hauhawa ya koma ƙasa da sifili.

Ma'aikaci da ɗan birni sun numfasa, alhamdu lillahi. Amma a tambayi manomin wake da ya ci bashin taki da maganin feshi, ya zo kaka ya tarar an toshe masa kasuwar da ta fi biya. Arahar da ke faranta ran mai saye ita ke sa mai noma kuka, kuma a karkararmu mutum ɗaya ne yake zama duka biyun: ya sayar da araha da kaka don biyan bashi da biki, ya sayi nasa hatsin da tsada da bazara. Alƙalamin ƙasa ba ya nuna wannan, don matsakaici ne, an gauraya kuɗin haya da katin waya da na makaranta da na tuwo. Talakan da fiye da rabin abin da yake samu a ciki yake ƙarewa, hauhawarsa ita ce ta tiya.

Don haka ga ma'aunin da ya dace da mu. Kwadagon yini guda tiya nawa yake saye? Akuya ɗaya tiya nawa take kawowa? Buhun albasa ɗaya buhun hatsi nawa ne? In an yi waɗannan tambayoyi a Konni, aka yi su a Sakkwato, aka yi su a Malanbil, sannan ne za a san wanda ya fi wani jin jiki. Alƙaluman hukuma suna da amfaninsu, da su ake gane ciwon da ke tafe da inda ya taso. Sai dai ba su isa a yi wa maƙwabci dariya da su ba, ba su kuma isa a ce wa mai jin yunwa ya ƙoshi ba.

Kiranmu ga hukumomi shi ne, cimakar rahusa ta hukumar OPVN ta riƙa isa ƙauyuka kafin bazara ta yi nisa, kuma a sa ido ta shiga hannun masu buƙata. In an hana fitar da amfanin gona, to gwamnati ta saye shi a hannun manomi da farashin da zai fid da shi. A taimaka wa ƙungiyoyin manoma da rumbunan ajiya, inda mutum zai jinginar da hatsinsa ya karɓi bashi da kaka, ya fanshe shi lokacin da ya yi daraja. A kula da madatsan Mozage da Zango da fadamun Maggiya, don noman rani shi ne abin da ke hannunmu wanda canjin naira ba ya hana shi tsiro. Shugabannin ƙasashen nan kuma su tuna, daga rufewar Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 har ta 2023, duk ranar da aka datse iyaka talakan Konni da na Illela ne suke fara biya.

'Yan kasuwa, ku ji tsoron Allah. Wanda ya ƙara kuɗi ranar da canji ya tashi, ya rage ranar da ya sauka. Kai kuma magidanci, in kaka ta yi, ka auna na gida ka ajiye kafin ka kai saura kasuwa. In ka ji an ce naira ta faɗi ko mai ya tashi a Sakkwato, kada ka ce ba ruwanka. Gemun ɗan'uwanka ne ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sauƙaƙa mana rayuwa.