Dodon Koɗi, Kududdufi da Fitsarin Jinin 'Ya'yanmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ƙasar Gumel ba ƙasar manyan koguna ba ce. Daga Gumel zuwa Maigatari, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, ruwan da yara suka fi sani shi ne na kududdufi: ramin da aka haƙa don ɗiban ƙasar gini, damina ta zo ta cika shi. A nan ake ninƙaya da wanki, a nan ake shayar da dabbobi, a nan almajirai kan yi wankin ranar Alhamis. A irin wannan ruwa ne kuma wani ɗan ƙaramin dodon koɗi, wanda bai wuce girman ƙwayar wake ba, yake rayuwa a jikin ciyayi da ganyaye. Masana suna kiran jinsinsa Bulinus, kuma shi ne masaukin tsutsar da ke haddasa tsargiya, wato fitsarin jini.

Ra'ayina shi ne, yaƙi da wannan dodon koɗi aiki ne na gida da makaranta da masallaci kafin ya zama na hukuma, domin mu ne muke kai masa cutar kafin ya maido mana da ita.

Ga yadda abin yake tafiya. Mai tsargiya yana fitar da ƙwayayen tsutsa a cikin fitsarinsa. Idan fitsarin ya shiga ruwa, sai ƙwayayen su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su nemi dodon koɗi su shige jikinsa. Bayan 'yan makonni sai su riƙa fitowa dubbai, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Ba sai an sha ruwan ba. Ta fata suke shiga, cikin 'yan mintoci. Daga nan su girma a jijiyoyin jini na kewayen mafitsara, su yi shekaru suna zuba ƙwai. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, shi ya fara gano tsutsar a Alkahira a 1851. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 fiye da mutum miliyan 250 ne ke buƙatar maganin wannan cuta, mafi yawansu a Afirka, kuma Nijeriya na kan gaba.

Har yanzu a wasu gidaje ana ɗaukar jini a ƙarshen fitsarin yaro a matsayin alamar balaga. Wannan kuskure ne mai tsada. Alamomin balaga sanannu ne a fiƙihu, kuma fitsarin jini ba ya cikinsu. Rauni ne a mafitsara. Idan aka bar shi yana kawo ƙarancin jini da kasala da raunin karatu, ya iya lalata ƙoda, a wasu ma ya kai ga sankarar mafitsara. A 'yan mata da mata yana taɓa mahaifa da al'aura, ya jawo ciwo da zubar jini, wani lokaci har da rashin haihuwa, a yi ta zarginsu da abin da ba su aikata ba.

Addininmu ya riga ya toshe ƙofar farko. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu, kuma Abu Dawuda ya ruwaito gargaɗi mai tsanani kan yin bayan gida a mashayar jama'a. Da za a kiyaye wannan hani shi kaɗai, da dodon koɗi ya zauna a tafkinsa ba tare da ya cutar da kowa ba, domin ba a haifarsa da cutar. A 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jihar farko a Nijeriya da ta rabu da yin bahaya a fili. Abin yabo ne, sai dai tsargiyar mafitsara ta fitsari take bi, kuma yaron da ke ninƙaya ba ya fitowa neman makewayi sai in an koya masa.

Akwai wata fahimta da ya kamata ɗalibai su gyara. Mun karanta a fiƙihu cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa bai sauya da najasa ba yana nan da tsarkinsa, kuma sauyin da laka ko gansakukar mazauninsa suka kawo ba ya ɓata shi. Gaskiya ne. Amma hukuncin tsarki daban, amincin jiki daban. Ruwa yana iya halatta ga alwala alhali yana ɗauke da cuta, kuma shari'ar da ta sauƙaƙa taimama ga mai tsoron cutuwa da ruwa ba za ta so a jefa yaro cikin ruwan da aka san yana sa fitsarin jini ba.

Wani zai ce, to a zuba guba a kashe dodon koɗin baki ɗaya. Akwai maganin da aka tanada don haka, sunansa niclosamide, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi a hannun ma'aikatan da aka horar. Sai dai yana kashe kifi da kwaɗi, kuma an ruwaito hani daga Annabi (SAW) kan kashe kwaɗo. Maganin ƙwarin gona kuwa, zuba shi a ruwan da shanu da awaki ke sha zalunci ne ga makiyayi da dabbarsa. Sannan guba kaɗai ba ta gama aiki: wasu nau'o'in wannan dodon koɗi suna nutsewa cikin laka idan tafki ya ƙafe, su yi kwance duk tsawon rani, su farfaɗo da ruwan farko. Ƙasar Japan, wadda ta yi fama da wani nau'in cutar, ba ta rabu da shi ba sai da ta haɗa magani da gyaran magudanan ruwa da tsafta na shekaru masu yawa.

Abin da ke hannunmu a fili yake. Masu unguwanni da matasa su riƙa yin aikin gayya suna cire ciyayi da shara daga bakin kududdufi, da takalmin roba da safar hannu, domin nan ne mafakar dodon koɗi da abincinsa. Ramin da ba a buƙata a cike shi, wanda ya haƙa ya san yana da alhakin abin da ya biyo baya. Ruwan tafki da za a yi wanka ko wanki da shi a ajiye shi kwana biyu a randa ko duro, ko a tafasa shi, domin 'ya'yan tsutsar ba sa daɗewa idan ba su sami jikin mutum ba. Malaman allo da na Islamiyya su nemi wa ɗalibansu wurin wanki kusa da rijiya ko famfo, su kuma tambaye su a keɓe, cikin sutura, ko akwai mai ganin jini.

Wanda ya kamu kuwa, maganinsa praziquantel ne, ana auna shi da nauyi ko tsawon yaro, a sha bayan an ci abinci. Idan ma'aikatan lafiya suka kawo shi makaranta, kada uba ya hana, kada kuma a manta da almajiran da ba sa cikin rajistar firamare. Maganin yana kashe tsutsar da ke jiki, amma ba ya hana sake kamuwa idan aka koma ruwan.

Limamanmu suna da mumbari kowace Juma'a. Huɗuba ɗaya a farkon damina kan haramcin ɓata ruwan jama'a, da bayanin yadda cutar ke yawo, za ta isa gidajen da ma'aikacin lafiya bai taɓa shiga ba. Yaran nan amana ce, kuma za a tambaye mu a kansu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare zuriyarmu. Allah ne Mafi sani.