Zuwa ga masana duwatsu na Maiduguri, kan ɗakin gwaji a duniyar wata



Na san wani zai ce muna fama da ruwa da wuta, wa yake ta wata? To, Najeriya dai ta sa hannu a yarjejeniyar Artemis ta binciken wata a Disambar 2022, kuma masu tsara sansanin mutane a can suna kokawa da matsalolin da ku kuka daɗe da saninsu.

Ku tuna dutsen Gujba. Ranar 3 ga Afrilu 1984 wani dutse ya faɗo daga sama a gona kusa da Bogga Dingare, lokacin yankin yana cikin tsohuwar jihar Borno. Jama'a suka farfasa shi, kowa ya tafi da rabonsa. Har yau ana nazarin gutsattsarinsa a ƙasashen waje, domin irinsa ba shi da yawa. Amma yadda ya kwanta a raminsa, da wane gutsure ke jikin wane, wannan ya tafi ke nan. Ban ga laifin manoman ba, ba wanda ya taɓa gaya musu.

Saboda haka in aka nemi shawararku kan ɗakin gwaji a wata, kada ku fara da jerin na'urori. Ku fara da rajista. Tafiye-tafiyen Apollo shida, daga 1969 zuwa 1972, kilo 382 na samfurin wata suka kawo gaba ɗaya. Mutanen da za su zauna watanni za su tara abin da kumbo ba zai iya ɗauka ba, don haka aikin ɗakin tankaɗe da rairaya ne: wanne za a kawo gida, wanne za a bari, kuma daga ina aka ɗauko kowanne. Wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiyar burtsatse yana rubuta zurfi a jikin leda kafin ƙasar ta cakuɗe ya san nauyin wannan.

Sai ƙura, kuma a nan nake so ku dage. Hazon hunturu da ke taso mana daga Bodele a Chadi yana shiga madubin ƙara girma ko an rufe taga, amma laushi gare shi. Ƙurar wata kuwa ba iska ko ruwan da ya taɓa goge mata kaifi, kamar garin fasasshen gilashi take. Ta ci rigunan 'yan Apollo, ta hana murfin wasu akwatunan samfur rufuwa da kyau. Harrison Schmitt, masanin duwatsu ɗaya tilo da ya taka wata, ya sha atishawa da ƙaiƙayin ido a 1972 bayan ya shaƙe ta. Kada dutse ya shiga inda ake kwana. Ya bi ƙofarsa daban zuwa rufaffen akwati mai safar hannu da aka cika da iskar naitirojin, kamar yadda ake ajiyar duwatsun Apollo a Houston. Wannan kariya ce ga huhun mutum, kariya ce kuma ga dutsen, don danshin numfashi kaɗai yana sauya shi.

Batun wuta ba sai na tsawaita ba. A yawancin wata dare yakan kai kwana 14, ku kuma kun ga watannin duhu a 2021 bayan an karya turakun lantarki. Ƙanƙarar da ake sa ran haƙowa a ramukan kudancin wata firji take so wanda ba ya mutuwa ko na awa ɗaya. Ku tambayi mai zanen ɗakin abin da zai faru ranar da batir ya gaza.

Abin da za ku iya farawa bana shi ne wannan. Ku kai ɗalibai tudun Biu, inda baƙin dutsen aman wuta yake dangin na filayen wata masu duhu. Ku sa musu safar hannu mai kauri, ku ba su awa huɗu. Su tattara duwatsu hamsin, kowanne da hoto da lamba tun yana kwance a wurinsa, sannan ku ce biyar kawai mota za ta ɗauka zuwa Maiduguri, kowa ya kare zaɓinsa a rubuce.

Wassalam,
ɗan'uwanku a sana'a.