Liyarin da ke Ƙasan Adaka

A zauren mai unguwa a nan Dugoi mun sha zama rabon gado. Idan aka buɗe adakar tsohuwa, Allah ya jiƙanta, sau da yawa akan tarar da liyari biyu ko uku ƙulle cikin tsumma. Kafin la'asar an kai su wurin maƙerin farfaru, ya auna, ya biya, ya narkar. Muna ganin gaggawar nan kuskure ce.

Liyarin nan mai hoton mace a fuska ɗaya, da gaggafa mai kai biyu a ɗayar, kuɗin Mariya Tareza ne, sarauniyar Ostiriya. Nauyinsa giram 28 ne, kuma kashi 83 cikin ɗari azurfa ce. Kusan duk wanda ya zo hannunmu 1780 aka rubuta masa, har magada su ɗauka shekarunsa ke nan. A'a, shekarar rasuwarta ce, aka ci gaba da buga shi da ita har cikin ƙarni na ashirin, domin fatake ba sa karɓar wanda ya sauya kama. Ta Tarabulus da Borno ya riƙa shigowa ƙasashenmu tun kafin Jamus su kama Garwa a 1901.

Ingila ma ta san irin wannan ruɗanin. Kuɗin azurfar da aka buga daga 1180 zuwa 1247 duk sunan Sarki Henri suke ɗauke da shi, har a zamanin Richad da Jon. Masu neman kayan tarihi da na'urar gano ƙarfe sukan rarrabe su ta sunan maƙeri da garin da aka buga su, da siffar haruffa. Tun 1997 suna da tsarin rubuta abin da aka tsinta, da gonar da ya fito.

Shi ne abin da muka rasa. Ba mu hana magaji haƙƙinsa ba, shari'a ce ta ba shi. Amma kafin a sayar, a ɗauki hoton fuska biyun da waya, a auna, a tambayi tsofaffin gida: sadaki ne, ko tsarabar Makka, ko ribar fatauci? A rubuta, ko da ajami ne. A namu zauren mun ware littafi domin wannan, kuma ba ma sa hannu a takardar rabo sai an cike shafinsa.