Sabon Yayin Hijabi Da Abaya: Kada Ƴar Kasuwar Yelu Ta Tashi A Tutar Babu

Duk wanda ya rabu da kasuwar Yelu shekara 30 da suka wuce, in ya dawo yau, rumfunan tufafi ne za su fara gaya masa cewa zamani ya juya. A da mace kan ɗaura zane, ta sa riga, ta ɗaura kallabi, ta ɗauko wani zanen ta yi lulluɓi, shi ke nan ta kama hanya. Yau kuwa abin da ke rataye a bakin rumfa shi ne hijabi gajere da dogo, jilbabi har ƙasa, gyale mai santsi, da abaya mai duwatsu da ake ce wa ƴar Dubai. Mun ga ya dace mu tsaya a kan wannan batu, domin akwai jarin mata da yawa a ciki.

Sauyin yana da tarihi. An kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, makarantun Islamiyya na mata suka yawaita, hijabin da ake zurawa ta ka ya fita daga aji ya shiga gari. A nan Nijar, bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, ƙungiyoyin addini sun samu damar yin wa'azi a fili. A shekarar 2000 jihohin Zamfara, Sakkwato da maƙwabciyarmu Kebbi suka ɗauki shari'a, kuma a watan Nuwamba na wannan shekara aka yi zanga-zanga a Yamai da Maraɗi saboda bikin nuna tufafi na FIMA. Tun daga lokacin, abin da aka sa a Kamba ko Birnin Kebbi ba ya daɗewa sai an gan shi a Gaya, daga Gaya kuma sai Yelu.

Mu ba mu da ja da suturta jiki. Umurni ne na addini, yana nan a Suratun Nur da Suratul Ahzab, kuma iyayenmu sun san kunya tun kafin a kawo keken ɗinki ƙasar nan. Tambayarmu ita ce: kuɗin da mata ke kashewa a kan wannan sutura, aljihun wa suke shiga?

Mu duba turmin atamfa guda, yadi 6. Mai rumfa ta ci riba, tela ya karɓi kuɗin ɗinki, mai zare da mai surfani da mai guga kowa ya samu na cefane. Abaya kuwa a ɗinke take zuwa daga Dubai ko ƙasar Sin, cikin ledarta. Ribarta mai tsoka tana wurin babban dila, ƴar kasuwar ƙauye ɗan abin da ke kai kawai take samu, tela kuma ko dala ba ya gani. Da ma masaƙu sun riga sun durƙushe: babbar masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, UNTL ta bi ta a 2007, tamu ta Yamai da aka sani da Sonitextil ta daɗe da rasa kasuwarta ga atamfar Sin. Saƙa ta tafi, rini ya ja baya. In ɗinki ma ya bi su, me ya rage wa yaranmu?

Sai kuma maganar hanya. Kayan da ake sayarwa a Yelu ƙofa biyu suka saba shigowa: ko daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano zuwa Malanbil su haye gada zuwa Gaya, ko daga Kantin Kwari ta Kano su biyo ta Kamba. Kowace ƙofa mun ga yadda ake rufe ta dare ɗaya. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta sa takunkumi, aka tare gadar Malanbil, mutane da kaya suka koma hayewa a kwale-kwale. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a Maris, amma gadar ba ta buɗe tare da ita ba. Mai jirgi ya karɓi nasa, ɗan dako ya karɓi nasa, mai shinge ya karɓi nasa, duk a kan abaya ɗaya za a ɗora. Wadda ta zuba jarinta kacokan a kayan waje, ranar da aka rufe iyaka da ita aka rufe.

Babban haɗarin ma shi ne saurin yayi. A da sai Hajiya ta dawo daga Makka ake ganin sabon mayafi. Yanzu yarinya na zaune a Yelu tana kallon amaren Kano a WhatsApp da TikTok, tana ganin abin da ƴan fim suka sa. Ɗinkin da aka yi rububinsa a Ƙaramar Salla, kafin Layya an ce ya zama tsohon yayi. Atamfa mai kyau kadara ce, ta shekara a akwati kuɗinta na nan, in ta ɓaci a fito da ita a sayar. Abayar da yayinta ya wuce, duwatsunta suka fara zuba, ko rabin kuɗi ba mai taya ta. Hukuma ma na iya kashe kasuwar kaya da takarda guda, kamar yadda aka hana sa niƙabi a jihar Difa a 2015 saboda hare-haren Boko Haram.

Saboda haka, ya ku iyayenmu mata da ƴan'uwa ƴan kasuwa, ga shawararmu. Kada a ɗauki kuɗin adashi gaba ɗaya a saro yayi guda. A saro kaɗan, a ga yadda ya karɓu, sannan a ƙaro. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Na biyu, hijabi da jilbabi ba ɗinki ne mai wuya ba. Mata biyar ko goma na iya haɗa kuɗi su saro yadi bandir-bandir, su ba telolin gari su ɗinka daidai tsawon da masu saye ke so. Kuɗin ɗinki ya zauna a Yelu, kuma in yayi ya juya, yadin da ba a yanka ba bai yi asara ba.

Na uku, a duba irin yadin. Wadda ta ɗinka abaya a Dubai ba ta san zafin Afrilu a Dandi ba, lokacin da ma'auni ke wuce 40. Yadin roba yana riƙe zufa, kuma in wuta ta taɓa shi narkewa yake ya manne a fata. Mai tuyar ƙosai, mai dafa gishirin Foga, mai tallan rake a rana, kowace na bukatar yadi mai shan iska da hannun da ba zai shiga murhu ba. Haka nan dogon hijabi a bayan kabu-kabu: in ba a tattare shi ba, ƙafar babur na iya naɗe shi ta fizgo mace ƙasa. Mai rumfar da ta gaya wa mai saye wannan gaskiya ta yi ciniki na gobe.

Ga malamanmu, muna roƙon su riƙa bayyana sharuɗɗan sutura yadda suke: ta rufe jiki, kada ta matse, kada ta zama shara-shara. Babu inda aka ce sai ta fito daga ƙasar Larabawa, babu inda aka yanka mata farashi. Tsohuwar da ta yi lulluɓi da zanenta ta suturta, bai kamata jikarta ta yi mata kallon wadda ba ta waye ba. Iyayen amare kuma su sassauta. Lefen da ake lissafa abaya nawa ke ciki, da ankon da ake ci wa bashi, sun mayar da tufar kunya abin gasa, kuma mai rumfa ce ke kwana da bashin da ba a biya ba.

Ga hukumomin Yelu da Gaya, aikinsu a fili yake. Hijabin ƴan makaranta, na boko da na Islamiyya, a ba telolin gari. A tallafa wa cibiyoyin koyon sana'a da kekuna, domin ƴan mata su koyi ɗinka abin da su da kansu ke sawa. A kuma sa ido a kan kuɗin da ake karɓa a shingaye ba tare da takarda ba, domin a ƙarshe talaka ke biya.

Yayi zai ci gaba da sauyawa, ba mai iya tare shi. Abin da ke hannunmu shi ne ɗinki da ciniki, kuma su ne ya kamata mu riƙe. Allah Ya sa albarka a kasuwa, Ya rufa mana asiri duniya da lahira.