Harsunan Silaf: wahalar ba a baƙaƙe take ba, tana wutsiyar kalma

Tun shekarun 1960 ɗaliban Afirka, har da ƴan Nijar, suka yi ta tafiya neman ilimi Tarayyar Sobiyet, Polan, Bulgariya da Cekoslobakiya. Jami'ar Patrice Lumumba ta Mosko, wadda aka kafa a 1960, ta yaye da dama daga cikinsu. Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991, Cekoslobakiya ta rabu biyu a 1993, amma al'ada ɗaya ba ta sake ba: baƙon ɗalibi yakan ba da shekararsa ta farko ga koyon harshe. Wanda bai mallake shi ba a wannan shekara, da wuya ya bi darasin likitanci ko na injiniya. Don haka uban da ɗansa ya ci bak yana da hujjar tambaya: cikin harsunan nan, wanne ya fi sauƙi?

Harsunan Silaf dangi ɗaya ne mai masu magana kimanin miliyan 300. Reshen gabas ya ƙunshi Rashanci da harshen Yukren. Na yamma, Polanci, Cekanci da Silobakanci. Na kudu kuwa, Bulgaranci, Sabiyanci da Kuroshiyanci.

Abin da ya fara firgita ɗan lakkwal shi ne baƙaƙen Sirilik, waɗanda Rashanci yake da 33, Bulgaranci 30. Sai ya ɗauka Polanci da Cekanci sun fi sauƙi, tunda da baƙaƙen boko ake rubuta su. Wannan hasashe kuskure ne. Kwanaki kaɗan sun isa mai himma ya gane Sirilik, balle wanda ya riga ya saba da ajami da boko gaba ɗaya. Mutanen Sabiya ma da rubutu biyun suke aiki. Polanci kuwa, ko da yake baƙaƙensa sanannu ne, yakan cusa su wuri guda har harshe ya harɗe, kamar a sunan birnin Szczecin. Cekanci yana da kalmomin da babu wasali ko ɗaya a cikinsu: krk, wato wuya, prst, wato yatsa.

Ainihin aikin yana ga wutsiyar kalma. A Hausa, littafi sunansa littafi, ko an saye shi, ko an yi rubutu cikinsa. A Rashanci kuwa, kniga yakan koma knigu, knigi, knige ko knigoy, gwargwadon matsayinsa a jimla. Matsayin nan shida ne a Rashanci, bakwai a Polanci, Cekanci, Sabiyanci da harshen Yukren. Jinsi kuma uku ne: namiji, mace, da wanda ba namiji ba mace. Ɗan kasuwa zai ɗanɗana wannan tun wajen ƙirgar kuɗi: ɗaya rubl, biyu zuwa huɗu rublya, biyar zuwa ashirin rubley.

A nan Bulgaranci ya fita daban, domin ya zubar da kusan dukan waɗannan wutsiyoyi. Har ma yana da wata ɗabi'a da Bahaushe zai gane nan take: yadda ake cewa mota, sannan motar, haka suke cewa kniga, sannan knigata. Wanda ke son ya fara magana da wuri, a nan zai fi samun hanya. Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Abin da Bulgaranci ya sauƙaƙa wajen suna, ya tsananta shi wajen aikatau, har yana da siga ta musamman don labarin da mutum bai gani da idonsa ba, wurin da Bahaushe zai ce "wai" ya wuce.

Wajen furuci, sahun yakan juya. Rashanci ba ya nuna gaɓar da ake dannawa a rubutunsa na yau da kullum, alhali ita ke raba ma'ana: muka, in an danna farko, azaba ce, in an danna ƙarshe, garin tuwo ne. Polanci yakan danna gaɓa ta biyun ƙarshe, Cekanci ta farko, babu wani ruɗani. Sabiyanci kuma, albarkacin gyaran da Vuk Karadžić ya yi a ƙarni na 19, kowane baƙi sauti ɗaya yake wakilta. Yadda aka rubuta haka ake karantawa.

Kunnen Bahaushe yana da jari a nan wanda Bafaranshe ba shi da shi. Wanda ya tashi yana bambanta gari na mutane da gari na dawa ba zai yi mamakin dogon wasali na Cekanci ba, ko karin sauti na Sabiyanci. Haka nan bambancin aikin da ya kammala da wanda ke gudana, kamar pisat da napisat na Rashanci, ɗan'uwan "yana rubutawa" da "ya rubuta" ne, ko da yake a can sai an haddace aikatau biyu-biyu.

In an auna duka, ratar ba ta kai yadda ake zato ba. Makarantar horar da jami'an diflomasiyya ta Amurka ta sa Rashanci, Polanci, Cekanci da Bulgaranci a sahu ɗaya: mako 44, kimanin awa 1,100, ga mai jin Ingilishi. Bulgaranci ya fi saurin buɗe baki, Sabiyanci ya fi saurin karantuwa, Polanci da Cekanci sun fi neman haƙuri, Rashanci kuwa ya fi yawan masu ji da littattafai, kuma yana cikin harsuna shida na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Saboda haka kada uba ya zaɓa wa ɗansa ƙasa don tsoron baƙaƙe. Ya duba inda fannin karatun ya fi inganci. Yaron kuma ya koyi baƙaƙen tun yana Yamai ko Damagaram, ya ajiye ƙarfinsa don wutsiyoyin. In ya ci harshe ɗaya, na biyu ba zai ci masa rabin wannan wahala ba, domin ginin nasu ɗaya ne.